Gonarmu mai kusurwa uku ce, ya za mu san girmanta kafin a raba gado?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman agaji wajen malaman lissafi da duk wanda ya san harkar awon gona. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa cikin daminar nan, to yanzu an gama kaka an kwashe kara an zo maganar rabon gado, kuma akwai gonarsa guda ɗaya a bayan ƙauyenmu nan ƙasar Ringim wadda ita ce ta tsaya mana a rai, don ba irin gonakin nan masu kusurwa huɗu ba ce, alwatika ce. Gefe ɗaya yana bin burtali, ɗaya ya bi layin gamba da ke tsakaninmu da maƙwabci, ɗayan kuma ya gangara ta bakin kwari, can tsinin inda gefen gamba da na kwari suka haɗu akwai wata tsohuwar tsamiya.
Jiya ni da ƙanena muka ari tef wajen wani magini muka auna. Gefen burtali mita 174, gefen gamba mita 126, gefen kwari mita 100.
To kawunmu ya ce hekta guda ce cif, don kuɗin hekta guda Baba yake biyan mai tarakta duk shekara. Ƙanena ya buga 126 sau 100 ya raba biyu ya samu 6,300. Ni kuma na buga 174 sau 100 na raba biyu na samu 8,700. Gona ɗaya amsa uku. Wallahi ba na son a ci haƙƙin kowa, musamman Innarmu da ƙannena mata. Wanne ne daidai?

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya ƙanena.

Ɗan Ringim:
Amin ya Allah Yaya, na gode.

Magini:
Allah ya jiƙansa. Ni dai a sanina tsawo sau faɗi a raba biyu, haka aka koya mana. Na ƙanenka zai fi kusa.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan Ringim duk cikin ukun nan babu wanda ya faɗa daidai, amma gaskiyar Magini na ƙanenka ya fi kusa. Inda matsalar take, wancan tsawo sau faɗi a raba biyu da muka haddace a firamare, faɗin da ake nufi ba gefen gona ba ne, tsayin da ya taso daga tsini ya sauka a miƙe kan gindi ne, yadda zai yi kwana irin ta ɗaki. In ka ɗauki gefe biyu ka buga su ka raba biyu, ba zai fito daidai ba sai in kwanar da ke tsakaninsu sikwaya ce. Shi ya sa kowane biyu ka ɗauka sai ka ga wata amsa daban. Ka gwada 174 sau 126 ka raba biyu za ka samu 10,962, ina jin ma daga nan hektar kawu ta samo asali.
Amma tunda kana da tsawon gefe ukun, ka gama aiki, akwai hanyar da ba ta buƙatar komai sai su. Ɗauko biro.
Ka haɗa gefen uku: 174 da 126 da 100 sun zama 400. Wannan shi ne kewayen gonar. Ka raba shi biyu, 200. Wannan 200 ɗin ka riƙe shi da kyau don shi ne uban tafiyar.
Yanzu ka ɗebe kowane gefe daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. 200 a cire 174 saura 26. 200 a cire 126 saura 74. 200 a cire 100 saura 100.
Sai ka buga huɗun nan gaba ɗaya, 200 sau 26 sau 74 sau 100, zai ba ka 38,480,000.
Abu na ƙarshe ka nemo lambar da in ka buga ta sau kanta za ta ba ka wannan adadin, wato sikwaya rut, alamar nan √ a kalkuleta. Zai fito 6,203.
Gonarku murabba'in mita 6,203 ce. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kenan ta ɗan haura rabin hekta, 0.62. In da eka kuke lissafi, eka ɗaya wajen 4,047 ce, kenan eka ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya.

Ɗan Ringim:
Ikon Allah! Malam kenan duk shekarun nan Baba kuɗin hekta yake biya a gonar da ba ta kai ko kusa ba. Na buga a wayata na samu 38,480,000 ɗin amma ban ga alamar da ka ce ba.

Ɗalibar Sakandare:
Yaya ka kwantar da wayar a gicciye, a yawancin wayoyi sai sauran maɓallan su fito har da √ ɗin.

Mai Tarakta:
To ni sana'ata ce wannan bari in faɗi gaskiya saboda Allah. Yawancinmu ba ma awo, ido ne kawai, ka tsaya a bakin gona ka ga doguwar fuska ka yanke kuɗi. Kuma gona mai tsini tana da wahalar aiki sosai, kunyoyin sai raguwa suke har su ƙare, juye-juye ya yi yawa mai ya tafi, shi ya sa wasu suke ɗorawa. Amma a ce maka wahalar ce aka ƙara wa kuɗi daban, a ce maka hekta ce daban. Na biyun ba daidai ba ne.

Baba Manomi:
Ku yara kuna da ilimin zamani Allah ya ƙara. Amma mu tun tasowarmu da taki da igiya ake raba gona, mai unguwa da dattawa su zo a taka a kafa turke a dasa gamba, kuma an zauna lafiya. Wannan miliyan talatin da takwas da kuke bugawa a kan gonar gero ni ban ga inda ya shiga ba, kuma wa zai yarda da abin da bai gane ba? In ka je gaban dagaci ka ce waya ce ta faɗa maka ai ba zai saurare ka ba.

Malamin Lissafi:
Baba ranka ya daɗe maganarka tana kan hanya, abin da mutane ba su gani da idonsu ba ba za su yarda ba. Ai igiyar taku ce dai muke amfani da ita, ba mu yar da ita ba, lissafin ne kawai ya biyo baya. Kuma akwai yadda za a gwada a fili kowa yana kallo. A ɗaure igiya a gindin tsamiyar nan, mutum ya riƙe bakinta ya dinga bin burtali yana matsawa har ya samu wurin da igiyar ta fi gajarta, nan ne ta sauka a miƙe. In lissafina daidai ne za a samu mita 71 da 'yan kai, kuma wurin zai faɗo wajen mita 70 daga kwanar kwari. Sai a buga 174 sau 71 a raba biyu irin yadda Magini ya ce, a ga ko ba za a dawo kusa da 6,200 ba. Na faɗi adadin tun kafin a auna, in bai fito ba a watsar da maganata.

Baba Manomi:
To wannan kam magana ce. In igiya ta shaida na yarda.

Maman 'Yan Biyu:
Baba ka yi haƙuri, ina ganin girmanka amma wannan an zauna lafiyar ba kowa ne ya zauna lafiya ba, wasu shiru kawai suka yi. Mu lokacin da aka raba gonar mahaifinmu ina tsaye daga nesa da mayafina ina kallo, aka taka bakin hanya aka ce ga na maza, mu mata uku aka nuna mana can ƙarshe inda gonar ta tsuke, aka ce ai tsawon ɗaya ne. Tsawon ɗaya ne a gefe amma ciki babu komai, kunyar farko doguwa ta ƙarshe ko taki biyar ba ta kai ba. Ba wanda ya yi niyyar cutar mu, yayyena mutanen kirki ne har gobe, ido ne ya yaudari kowa. Sai da muka fara nomawa muka ga abin da muke ɗaukowa ko kusa bai kai rabin na namiji ɗaya ba kowaccenmu, kuma lokacin an riga an dasa iyaka an yi addu'a an watse, wa za ka tayar wa da magana? Babbar yayarmu har ta rasu abin yana ranta. Da a ce akwai wanda ya san wannan lissafin a wurin ran nan da ba haka ba. Don Allah Malam ka ci gaba, ni ina rubutawa a littafin yarana.

Baba Manomi:
Allah ya jiƙanta 'yata. Ban musa miki ba, irin wannan ya faru ba sau ɗaya ba.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mamaci. Abin da baiwar Allahn nan ta faɗa abin tsoro ne, don kason gado Allah da kansa ya yanka shi a Suratun Nisa'i, kuma taƙi ɗaya na ƙasar wani ba abin wasa ba ne ranar gobe. Ɗan Ringim su wa Baba ya bari? Iyayensa suna raye? Akwai bashi ko wasiyya?

Ɗan Ringim:
Allah ya gafarta Malam, iyayensa sun daɗe da rasuwa. Mata ɗaya ya bari wato Innarmu, sai mu maza biyu mata uku. Bashin da ke kansa mun biya da kuɗin gyaɗa, wasiyya kuma bai bari ba.

Alaramma:
To in haka ne abin ya zo da sauƙi. Inna tana da tumuni, ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Saura bakwai, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, maza biyu huɗu kenan, mata uku uku, bakwai ta cika. Kenan gonar kashi takwas za a yi, Inna ɗaya, kowace mace ɗaya, kowane namiji biyu. Amma wannan bayani ne a kan abin da ka faɗa, ranar rabo a samu malamin garinku ko alƙali ya zauna da ku da shaidu.

Malamin Lissafi:
Madalla. 6,203 a raba takwas, kowane kashi murabba'in mita 775 da ɗan kai. Inna 775, kowace ƙanwa 775, kai da ƙanenka 1,551 kowanne.
Ka duba da an tafi a kan hekta guda, da sai a ce kashi ɗaya 1,250 ne, a fara yanka wa na farko da na biyu, kafin a zo kan na ƙarshe ƙasa ta ƙare. Kuma mun san su wa ake bari a ƙarshe.

Ɗan Kasuwar Gujungu:
Malam na gwada da wani fili nawa, 60 da 70 da 140, kalkuleta ta ƙi ba ni amsa. Ko hanyar ba ta aiki a kowane fili?

Malamin Lissafi:
Alhaji awon ne da kuskure, babu fili mai kusurwa uku da zai yi wannan awon a duniya. 60 da 70 in ka haɗa 130 ne, ba su kai 140 ba, kenan ko ka shimfiɗe su a miƙe bakinsu ba zai haɗu ba. Dole kowane gefe biyu in an haɗa su fi na ukun tsawo. Koma ka sake aunawa, wataƙila wani gefen da ƙafa aka auna wani da mita.

Ɗan Kasuwar Gujungu:
Haka ne kuwa, 140 ɗin a takardar ciniki na gani, sauran ni na taka.

Ɗalibar Sakandare:
Malam don Allah tambaya biyu. An koya mana wannan a aji ana ce masa dabarar Heron amma haddacewa kawai muka yi saboda jarrabawa, ban taɓa zaton ana auna gona da shi ba. Me ya sa gefe uku kawai suka isa ba sai an san kwana ba? Sannan in babu kalkuleta fa?

Malamin Lissafi:
Yawwa 'yata, tambayar da nake so kenan. Je ki bayan gida ki samo kara uku ki ɗaure bakinsu da zare su yi alwatika, sai ki gwada murɗa shi. Ba zai motsa ba sai dai ya karye. Yanzu ki ɗaure kara huɗu, za ki ga yana lanƙwashewa yadda kika ga dama, ya buɗe ya tsuke, alhali tsawon karan bai canja ba. To shi ke nan sirrin. Gefe uku sun kulle siffar, kwanonin ba su da zaɓi, girman ma ba shi da zaɓi. Shi ya sa kafinta in yana ɗora rufin kwano yake buga katako a gicciye. Ita kuma dabarar kanta in kika sauko da tsayin nan daga tsini kika raba alwatikar gida biyu masu kwanar sikwaya, kika yi aiki da ƙa'idar Faisagoras, wato ta gefunan alwatika mai kwanar sikwaya, a kowanne, kika tattara, ita za ta fito miki, ki gwada a takarda in kin maƙale ki turo.
Shi Heron mutumin Iskandariyya ne ta ƙasar Masar, ya rayu a ƙarni na farko bayan Annabi Isa alaihis salam, ya rubuta ta a littafinsa na awo mai suna Metrica, littafin ya ɓace ƙarnuka sai a 1896 aka gano kwafinsa a Istanbul. Masanin nan Musulmi Albiruni ma ya ce Arkimidis, masanin lissafi na tsoffin Girkawa, ya riga shi saninta. Mutanen Sin su ma sun fito da irinta ta hanyarsu, tana cikin wani littafin lissafinsu na 1247.
Batun babu kalkuleta, shi Heron ɗin ai ba shi da ita. Ki yi hasashe, ki raba, ki ɗauki tsakiya. Misali namu 38,480,000, ki ce 6,000. Raba shi da 6,000 ya ba ki 6,413. Tsakiyar 6,000 da 6,413 wajen 6,207. Ki sake rabawa da 6,207 ya ba ki 6,199, tsakiyarsu 6,203. Zagaye biyu kin iso.

Alaramma:
Bari in ƙara wa Baba Manomi wani abu don kar a ɗauka wannan ilimin baƙo ne a wurinmu. Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, littafinsa na Aljabru wal Muƙabala da ya rubuta wajen shekara ta 820, a gabatarwarsa ya ce ya yi shi ne don abin da mutane ke buƙata a gado da wasiyya da rabo da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa. Wani babban ɓangare na littafin ma lissafin wasiyya ne. Malaman fara'ila tun can da lissafi suke tafiya.

Malamin Lissafi:
Haka yake Allah ya gafarta Malam, a babin awo ma ya kawo alwatika mai gefe 13 da 14 da 15 ya nemo tsayinta 12 ya samu girmanta 84. Ɗaliba gwada ta da tamu hanyar mu gani.

Ɗalibar Sakandare:
Kewaye 42, rabi 21. Saura 8 da 7 da 6. 21 sau 8 sau 7 sau 6 ya zama 7,056. Sikwaya rut ɗinsa 84. Wallahi ya fito Malam!!

Ɗan Ringim:
Alhamdulillah na gane girman. Amma Malam yanzu ta ina za a sa igiya a fitar wa kowa 775 ɗinsa? Nan ne fa rigimar take.

Malamin Lissafi:
Hanya mafi sauƙi a takarda, ka raba gefen burtali gida takwas, 174 a raba 8 mita 21.75 kenan, daga kowane turke ka ja igiya zuwa tsamiya. Duk yankan girmansu ɗaya don gindinsu ɗaya tsayinsu ɗaya.

Mai Tarakta:
A'a Malam wannan a takarda ne kawai. Yanka takwas duk su tafi su tsuke a gindin tsamiya? Ko garmar shanu ba za ta juya a ciki ba balle tarakta, ga inuwar tsamiya ga iyakoki bakwai kowacce tana cin ƙasa, sulusin gonar zai tafi a banza kuma kullum sai an yi faɗan saniyar wane ta taka shukar wance.

Baba Manomi:
Gaskiyarsa. Gona ba a yanka ta kamar kankana.

Malamin Lissafi:
Na karɓi gyara, ku ne a cikin gonar. To ga wata, kuma ta fi dacewa da kasonku. Ku nemo tsakiyar kowane gefe ku kafa turke. Tsakiyar burtali mita 87, tsakiyar gefen gamba mita 63, tsakiyar gefen kwari mita 50. Ku haɗa turakan uku da igiya. Gonar za ta rabu gida huɗu, uku a kwanoni ɗaya a tsakiya, kuma duk huɗun girmansu ɗaya, kowacce gefenta 87 da 63 da 50. Ku gwada: kewaye 200, rabi 100, saura 13 da 37 da 50, a buga duka 2,405,000, sikwaya rut 1,551. Daidai kason namiji ɗaya kenan.
Kai da ƙanenka ɗaya ya ɗauki kwanar tsamiya, ɗaya ya ɗauki ɗaya daga kwanoni biyun da ke bakin burtali. Ta tsakiya da kwanar da ta rage in aka haɗe su za su ba da fili mai gefe huɗu wanda gefunansa masu kallon juna suke tafiya a jere, fuskarsa a burtali mita 87, bayansa ma 87. Sai a raba gaba da baya gida huɗu, mita 21.75 kowanne, a ja igiya. Inna da ƙannenka uku kowacce ta samu 775 ɗinta a miƙe kuma kowacce tana da fuska a burtali.

Maman 'Yan Biyu:
Malam wannan ya yi kyau amma tsaya. Wace kwana za a haɗa wa matan, ta gamba ko ta kwari? Ƙanena faɗa mana gaskiya wane ɓangare ya fi kyau.

Ɗan Ringim:
Gaskiya Yaya ɓangaren kwari ya fi, ƙasar ta fi baƙi tana riƙe danshi, nan Baba yake sa masara da 'yar shinkafa in ruwa ya yi kyau. Wajen gamba jigawa ce, gero da gyaɗa da wake.

Maman 'Yan Biyu:
To ka gani. Mita ɗaya ce a tef amma ba ɗaya ba ce a rumbu.

Alaramma:
Wannan gaskiya ne, a rabon ƙasa ana duba ƙima ba faɗi kaɗai ba. In wani yanki ya fi wani daraja ko dai a daidaita da ƙari da ragi, ko wanda ya samu mai kyau ya cika wa ɗan uwansa da kuɗi, ko magada su yarda da ransu ba don kunya ba, bayan kowa ya san haƙƙinsa. A tambayi matan ɗaya bayan ɗaya, kar a tambaye su a gaban taro inda ba za su iya cewa a'a ba.

Malamin Lissafi:
Lissafi ya tsaya a faɗi, ƙima ta dattawan da suka san ƙasar ce irin su Baba. Amma ta fuskar awo duk wadda aka zaɓa daidai ne, in an haɗa musu da kwanar kwari yankansu zai zama 21.75 a fuska, 50 a gefe, girman dai 775 ne.

Magini:
Malam kafin a tashi, ni tawa gonar huɗu ce amma a karkace, 80 da 60 da 90 da 70 in ka zagaya. Mu yadda muke yi sai mu haɗa masu kallon juna mu raba biyu, 85 sau 65, ya ba ni 5,525. Haka ne?

Malamin Lissafi:
Ka tuna kara huɗun da na ce wa ɗaliba. Gefe huɗu ba su isa ba, sai ka ƙara awo ɗaya, ka ja igiya daga kwana zuwa kwanar da ke kallonta ta tsakiyar gona, ta raba maka ita alwatika biyu, ka yi wa kowacce lissafinta ka haɗa. Duba ka ga, in igiyar tsakiyar nan da ta raba 80 da 60 gefe guda, 90 da 70 gefe guda ta zama mita 100, ta farko 2,400 ta biyu 3,059, jimla 5,459, kusa da naka. Amma in ta zama mita 130, ta farko 1,669 ta biyu 2,995, jimla 4,664. Gefuna ba su canja ba amma tsakaninsa da 5,525 ɗinka akwai 861, kusan fuloti biyu na ƙafa 50 da 100. Kuma wannan hanyar taku ba ta taɓa ragewa, kullum ko ta yi daidai in kwanonin sikwaya ne ko ta ƙara, don haka mai saye ne yake kwana a ciki. In iyakar tana da lanƙwasa sosai sai ka yayyanka ta alwatika uku ko huɗu ko fiye.

Magini:
Kai! Gobe da asuba zan ja ta tsakiyar.

Ɗan Kasuwar Gujungu:
Ba akwai manhajar waya da ake zagaya gona da ita ta faɗi girma ba?

Malamin Lissafi:
Akwai, tana da amfani a babbar gona, amma GPS na waya yana iya kaucewa da 'yan mitoci, a yanka mai faɗin mita 21 wannan ba ƙaramin abu ba ne. A gado ku yi da tef, in da hali a kira safiyo ya sa hannu. In igiya za ku yi amfani da ita ku fara gwada ta da tef, ku ja ta ta miƙe sosai kar ta yi ciki, kuma kowane gefe a auna sau biyu.

Ɗan Ringim:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Ranar Asabar bayan hantsi muka fita da mai unguwa da limamin garinmu da kawu da dattawa biyu, Inna ba ta fita ba amma ƙannena mata duka sun zo. Kafin a fara na faɗa wa jama'a cewa daga tsamiya zuwa burtali za a samu mita 71, kawu ya ce to a gani. Ƙanena ya riƙe bakin tef a gindin tsamiya, tef ɗin mita 50 ne sai da muka kafa kara a tsakiya muka ƙara, ni ina bin burtali ina matsawa har muka samu inda ya fi gajarta. Mita 71 da kamar tafin hannu biyu. Kawu ya karɓi tef ɗin da kansa ya duba lambar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce Allah ya jiƙan yaya, ya biya kuɗin ƙasar da ba tasa ba shekara da shekaru. Daga nan shi ya riƙe mana turaku.
Mun yi yadda Malam ya ce, tsakiya uku. Ni da ƙanena tun dare mun yi shawara muka bar wa mata ɓangaren kwari, liman ya kira su ɗaya bayan ɗaya gefe ya tambaye su, mu ma ya tambaye mu ko da yardarmu muka ce da yardarmu. Ƙanena ya ɗauki kwanar gamba mai fuska a burtali don shi yake da shanun huɗa, ni na ɗauki ta tsamiya, an fitar min 'yar hanyar ƙafa ta bin layin gamba cikin nasa. Yankan ƙarshe na bakin kwari ƙannena suka ce na Inna ne.

Baba Manomi:
Igiya ta shaida, na yarda ɗana. Amma turakan kara ba za su kai bazara ba, awaki da yara za su tuge su. Ku samu duwatsu ku binne a kowace kwana yanzu, ruwan farko yana sauka ku dasa gamba a kan layin, kuma mai unguwa ya rubuta awon kowa a takarda shaidu su sa hannu kowa ya riƙe kwafi.

Ɗan Ringim:
In sha Allah Baba, duwatsun ma mun ɗebo a amalanke jiya, takardar tana wajen liman.

Maman 'Yan Biyu:
Alhamdulillah, wallahi har na yi hawaye. Allah ya yi muku albarka ya jiƙan Baba. Malam na tura wa yayana wannan bayanin gaba ɗaya, ya kira ni da daddare ya ce in an kwana biyu zai ari tef mu je mu sake duba tamu. Gefen hanyar ne ban san ta inda za mu fara ba don an yi kwalbati ya ci bakin gonar, in mun auna zan turo maka lambobin.

Malamin Lissafi:
Turo su Hajiya. Ku fara daga tsohon turke in yana nan, in babu ku tambayi maƙwabcin gonar ya nuna muku inda iyakarsa ta tsaya, kuma ku auna har da abin da kwalbatin ya ci daban.